Uban da ya maida ɗiyarsa baya

Shekara goma ke nan da rasuwar babana, Malam Nomau na Kore Mairuwa. Ban taɓa jin rashinsa kamar bana ba, kuma haushi ne ya jawo.

Ina aji huɗu aka ce na wuce aji biyar. Na shigo gida ina tsalle. Baba ya miƙo mini kwalin maganin tari, ya ce in karanta masa. Na kasa. Washegari ya ja hannuna har gaban daraktan lakwal, wato makarantarmu ta boko.

"Mushe, ɗiyar ga ba ta tahiya gaba. A maishe ta."

"Malam, kowa roƙo yake a wuce da nashi, kai ka zo a maido taka?"

"Tawa ce, ni zan zaɓa mata."

Na sha kuka, ƙawaye suka sa mini suna kakar aji. Amma a shekarar na iya karatu, shi ya kai ni koleji a Dogon Dutsi. Daga nan Baba ya tara iyaye suka kafa ƙungiya, da sharaɗi guda: ba a ɗaga yaro sai ya yi karatu a gaban uwarsa ko ubansa.

Ƙungiyar tana nan, har da zaure a waya. Sai dai aikinta yanzu matsa wa malamai su wuce da kowa, don kada a ce lakwal ɗinmu ta fi ta maƙwabta faɗuwa. Wai kishin gari!

Habu, autanmu da Baba ya bari yana goye, yana hannuna. Bana an kai shi aji biyar, ko sunan garinmu bai iya karantawa a allon bakin hanya. In ya tafi haka, jarrabawa za ta watso shi, shi ke nan. Na kai kuka ga shugaban ƙungiya, abokin Baba. Ya ce, "Haba ɗiyata, rufa ma yaro asiri mana."

Asirin me, Baffa? Da Baba zai leƙo yau, wallahi ba darakta zai fara tsarewa ba, ku zai tsare.

Bai bar mana gini ba, ƙungiyar ma sunanta ya rage. Taurin kan nan kawai ya bari, ni na gada. Ranar da aka koma lakwal zan ja hannun Habu, kwalin magani na cikin jakata. Tun jiya da na faɗa masa yake kuka. Ya yi ta yi.

Allah ya jiƙanka, Baba.