Ranar da Malama Rahamatu Ta Gwada Alƙalami Biyu

In kai ɗan Gwaram ne, kuma ka gama firamare tsakanin 1985 zuwa bara waccan, tashi ka ɗauko takardar shaidarka. Duba wurin sunanka. In ka ga harafin farko ya taso siriri kamar zare, ya yi kauri a tsakiya, ya sake sirancewa a wutsiya, to akwai yiwuwar hannun Malama Rahamatu ne. Ba inji ba ne ya yi maka. Mace ce ta zauna a tabarma da katako a cinya, ta riƙe numfashinta ta ja sunanka.

'Yar Dingaya ce. Babanta manomin dawa ne, shi kansa bai iya boko ba, amma ya bar ta ta je kwalejin horar da malamai mata a Kano. A can wata malamarsu 'yar Indiya ta ga rubutunta, ranar da za ta koma ƙasarsu ta kira ta ofis ta miƙa mata alƙalami. Irin mai shan tawada ɗin nan, baƙi, jikinsa har ya dusashe. Ta ce na mahaifinta ne. Wato tun a 1978 alƙalamin ya riga ya tsufa.

Bakinsa zinare ne, tsage biyu, mai laushi. In ka danna ya buɗe, layi ya yi kauri. In ka sassauta ya rufe kansa. Shi ne duk sirrin, sauran kuma hannu ne.

Shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da aji uku a Gwaram. Da ta yi ritaya, mijinta direba ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, abin da ya rage mata shi ne watan Yuli. Lokacin yaye ɗalibai. Hedimastoci daga Gwaram, Dingaya, har Kiyako da Unguwar Ya, su zo da takardu cikin ambulan, ta rubuta sunayen yara. Da wannan take cika rumbu, da wannan take yin zumunci ba tare da ta kira wani ɗa a waya ta ce a turo ba. Kuma da wannan ake yi mata sallama a ƙofar gida a ce "wurin Malama muka zo", ba "wurin tsohuwa" ba.

Tana da dokokinta. Ba ta rubutu in ta ci abu mai maiƙo sai ta wanke hannu da sabulu sau biyu. Ba ta yarda da jerin sunaye kawai, sai hedimasta ya karanta mata da baki. Alƙalamin kuwa ko limamin gari ba ta ara wa, ta ce bakinsa ya saba da nauyin hannu ɗaya. Amma koyarwa? Ko tana cin abinci ka ce "Malama, yaya ake wannan?" za ta ture kwano. Cewa take malami ba ya tambayar ɗalibi me zai yi da ilimi, nasa ya ba shi. Ta nan aka shigo mata.

Abdulsamad ɗalibinta ne, 'yan ajin 1999. A lokacin rubutunsa kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan littafi. Ita ta riƙa tsare shi bayan an tashi, ta kama hannunsa cikin nata har ya miƙe. Ya girma, ya buɗe shagon buga takardu a Birnin Kudu kusa da tasha: katin biki, fosta, allon shago. Duk sallah sai ya zo gaisuwa da lemo. Wallahi ko ni da ke maƙwabtaka da ita da na rantse yaron kirki ne.

Wata Asabar cikin Fabrairun bara ya zo da ɗan akwati. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe. Sabon alƙalami ne, shuɗi, yana ƙyalli.

Ya ce, "Malama, gardama ake ta yi a intanet. Wasu sun ce irin naki na da ya fi, wasu sun ce na zamani ya kamo shi. Na ce ni ina da alƙaliya a Gwaram. Daga waje na yi odarsa, shi ma bakinsa yana buɗewa."

Ta ce, "Kai da rubutunka ya sa ni ciwon kai shekara guda, yau kai ne mai odar alƙalami?"

"Ai shi ya sa na kawo wurin likita."

Ta yi dariya. Ya kafa wayarsa a kan kujera, ya ce bidiyo zai haɗa, duniya ta ga Malama.

Ta cika sabon da tawadarta, ta ja layi. Ta sake ja. Ta ɓata fuska.

"Wannan ai ƙarfe ne. Sai ka danne shi kamar mai huɗa a busasshiyar ƙasa kafin ya buɗe. Duba nan." Ta danna sosai, bakin ya buɗe, tawada ta yanke, sai layi biyu sirara da fili a tsakaninsu. "Ka gani? Ya buɗe baki amma ba abin faɗa. Tawadar ba ta biyo shi."

"To naki fa?"

Ta ɗauki tsohon. Ko motsin yatsunta ba ka gani, sai layi ya kumbura ya sake lafawa.

"Wannan ba danna shi ake ba, tunani kawai kake ya yi. Kuma duba yadda yake komawa. Naka in ya buɗe sai ya yi shawara kafin ya rufe."

Amma ba ta zalunci sabon ba. Ta ce yana da nasa. Ba ya yoyo a aljihu, nata kuwa in zafi ya yi sai ya yi mata amai a yatsa. In sabon ya faɗi ya lanƙwashe a sayi wani baki a sa, nata in ya faɗi shi ke nan, sai kuka. Ta ce mai koyo ya fara da sabon, don mai nauyin hannu zai kashe tsohon a kwana ɗaya.

Abdulsamad ya ce, "Malama, don gwajin ya yi kyau, a rubuta haruffa duka. Manya da ƙanana."

Ta rubuta da sabon, shafi ɗaya. Ya ce ya isa, an ga iyakarsa. Tsohon dai a ci gaba. Kowane harafi sau goma. Sai lambobi. Asabar ta biyu ya dawo da farar takarda mai kauri, ya ce hasken wancan bai yi ba, a sake. Asabar ta uku ya ce a haɗa haruffa bibbiyu, yadda wannan ke kama wancan. Yatsunta suka yi tsami, ta jiƙa su a ruwan ɗumi ta ci gaba. Murna take. Ta gaya wa duk matan layinmu cewa ɗalibinta zai sa ta a intanet. Har cincin ta soya masa.

Ya tattara takardun ya ce zai haɗa da bidiyon. Bidiyon da har yau ba wanda ya gani.

Yuli ya zo. Ta sa direban da ke zuwa Kano ya kawo mata tawada kwalba biyu. Ta wanke alƙalami, ta shanya katako. Sati na farko shiru. Na biyu shiru. Ta ce ƙila an ɗaga yayen ne. Sai ta fara jin lasifikar bikin yaye daga makarantar bayan layinmu.

A sati na uku Malam Ishiyaku ya yi sallama. Hedimastan wata makaranta ne a Dingaya, shekara ashirin yana kawo mata aiki. Bai zo da ambulan ba, da ƙwaryar ƙwan zabi ya zo.

Ya ce, "Malama, ya jikin? Ya idon?"

"Wane ido?"

"Ai Abdulsamad ya gaya mana. Ya ce idon ya matsa miki, kunya ta hana ki faɗa, shi ne kika ba shi hannunki ya sa a kwamfuta don kada mu wahala. Ya ce kada ma mu zo mu dame ki da maganar. Ni dai na ce sai na zo dubiya."

Ta ce, "Malam Ishiyaku, ga allura can a kan taga. Miƙo min da zare."

Ya miƙa. Ta zura a tashi ɗaya, ba tabarau. Ta ajiye a gabansa.

Mutumin nan ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya laluba jakarsa ya fito da takardar shaida guda da ta rage, ta wata yarinya Ummussalma da ba ta zo karɓa ba. Malama ta karɓa. Hannunta ne. Wutsiyar da take ja, ƙugiyar da take yi a sama, komai. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Duba 'm' ɗin nan guda uku. Duk ɗaya ne, kamar an haife su rana ɗaya. Ni ban taɓa yin biyu iri ɗaya ba." Ta juya takardar ta shafa bayanta da yatsa. "Kuma ba sawu. Alƙalami yana barin sawu."

Washegari da hantsi ta shiga motar Birnin Kudu. Tun kafin ta kai shagon ta fara gamuwa da kanta. Allon mai gyaran waya, hannunta. Katin ɗaurin aure da aka manna a jikin tasha, hannunta. Fostar mai maganin basir, da manyan haruffa, hannunta. Matar da ba ta rubuta sunan yaro sai da tsabtataccen hannu.

Abdulsamad na ganinta ya taso da gudu ya durƙusa.

"Malama! Da kin aiko ai da na zo."

"Ta yaya makauniya za ta aika? Ai sai dai a jawo ta."

Injinsa na ta fitar da takardu a baya, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Malama, ki fahimce ni. Abin da kike yi a sati uku, wannan minti goma ne. Ko ban yi ba wani zai yi da rubutun Turawa. Ni raya hannunki na yi. Zo ki gani, sunanki ma na sa masa." Ya juya mata kwamfutar. Cikin jerin salon rubutu, ga shi nan: Rahamatu.

"To na gode. Idon nawa fa? Shi ma raya shi ka yi?"

"Wannan... hedimastocin ne ba za su yarda ba in ban ce haka ba. Suna jin nauyinki."

"Su suna jin nauyina."

Ya sunkuyar da kai. Da a nan ya tsaya, da ƙila ta yafe, don na san zuciyarta. Amma jama'a ku ji abin da ya biyo baya. Ya ɗago ya ce:

"Malama, dama ina son zuwa. 'Yan Islamiyya suna tambaya, su nasu sunayen da Larabci ne, kuma sun ce naki ya fi na kwamfuta. In kin yarda mu yi na Larabcin ma, wannan karon da yardarki, sai in riƙa ba ki wani abu. Akwai ma wani alƙalamin da na yi oda, sai ki gwada..."

Ta ce, "Abdulsamad, miƙo hannunka."

Ya miƙa. Ta kama shi, ta juya tafin, ta duba yatsun nan da ta taɓa riƙewa cikin nata.

"Da ka ce min, Malama ina son hannunki in sa a inji, wallahi da na ba ka. Da na zauna na yi maka sau ɗari ba sau goma ba. Ka san haka. Shi ya sa abin ya yi min ciwo, ka san zan ba ka, ka zaɓi ka sata."

Ta sake shi. Ya biyo ta har tasha yana "Malama, Malama", ya ce zai biya kuɗin mota. Ta biya abinta.

Malam Ishiyaku ya zagaya ya gaya wa sauran hedimastoci cewa idon Malama lafiya lau. Kowa ya yi salati, kowa ya ce Allah wadai. Bana da Yuli ya zagayo, mutum biyu ne suka dawo mata. Sauran sun ce wa Malam Ishiyaku ai ka san yadda abubuwa suke, na Birnin Kudu ya fi sauri, kuma iyayen yara ba sa gane bambanci. Ku da kuka sha ruwan randarta shekara da shekaru, kun ji kunya. Na faɗa.

Ban da su biyun nan, abin da ya rage mata yanzu na Islamiyya ne, sunayen masu saukar Alƙur'ani. Shi ma don babu shi a kwamfutar Abdulsamad ne. Tana yi, hannun bai girgiza ba. Sai dai ba a tsakar gida take yi ba kamar da. Ɗaki take shiga ta saki labule. In malamin Islamiyya ya zo karɓa, sai ta ce a raba wa yara a ranar, kada takarda ta kwana a ofis.

Makon jiya wata ɗalibar sakandare, Mansura, ta zo da littafinta. Ta ce ta ga takardar yayanta, tana son ta koyi irin rubutun. Malama ta dube ta, ta dubi wayar da ke hannun yarinyar.

Ta ce, "Me za ki yi da shi?"

Yarinyar ta ce, "So nake in iya kawai, Malama."

Malama ta ci gaba da kallon wayar har yarinyar ta fara gyara mayafi za ta tashi. Sannan ta ce, "Kai wayar gida. Ki dawo da fensir."