Alkawarin Feivel Mai Gyaran Takalma

Feivel Rudnik ya yi shekara hamsin da ɗaya yana gyaran takalma a wani ɗan shago da ke ƙasan bene a unguwar Bronx ta Amurka. Na san shi tun ina ɗauko wa jarida labaran unguwa. Abu biyu yake alfahari da su: bai taɓa buɗe shago ranar Asabar ba, ranar hutun addininmu, kuma shi ke ɗinke safar hannun Sol Tarnoff.

Duk wanda ya tashi a cikinmu, Yahudawan unguwar, ya san Tarnoff. Shekara goma sha uku ya yi yana buga besbol a babbar ƙungiya, a zamanin da 'yan kallo ke yi masa ihun "Bayahude, koma gida", shi kuma ya ɗaga sanda ya aika ƙwallo bayan katanga. Bene ɗaya suka tashi da Feivel. Da ya yi suna an yi ta aiko masa da sabbin safar fata, amma tsohuwarsa yake sawa, in ta yage ya aiko wa Feivel.

Daga baya ya koma California. Ya yi aure sau biyu, bai haihu ba. Zuwansa shagon na ƙarshe a 1974 ne, ya rame, ya zauna a bencin masu jiran takalmi.

"Feivel, in na tafi wa zai yi mini Kadish? Karen matata?"

"Ni zan yi."

"Kai da ko ƙwallo ba ka iya cafewa?"

"Ita addu'a ba a cafe ta. Ciro takalmin nan, dunduniyar ta cinye."

Shekara na zagayowa Tarnoff ya rasu. Kadish addu'a ce da ake yi wa mamaci duk ranar da mutuwarsa ta zagayo, kuma ba a yin ta sai Yahudawa maza goma sun tsaya tare. Feivel ya yi ta sau ashirin da biyu a jere, a majami'ar Yahudawa da ke bayan shagonsa, a kujera ɗaya, kusa da taga. A farkon shekarun goma ba abin nema ba ne. Sannu a hankali wasu suka bi 'ya'yansu bayan gari, wasu aka kai su maƙabarta, har masu zuwa suka koma tsofaffi goma sha uku, da shi a ciki. Da safe sanyi ba ya barin su fita, addu'ar yamma kaɗai ta rage. Mako guda kafin ranar yakan fara buga musu waya, yana yi musu alkawarin kifi mai gishiri da shayi.

A 1997 wata mai shirya fim, Renee Kessel, ta zo unguwar tana haɗa fim a kan rayuwar Tarnoff. Ta ɗauki tsofaffin majami'ar a kyamara ɗaya bayan ɗaya. Feivel ta zauna da shi awa uku. Da za ta tafi ya ciro kalandarmu daga bango, ya nuna mata ranar da mutuwar za ta zagayo baɗi, wata Lahadi a Nuwamba.

"Rubuta, 'yata, kar ki manta. Ranarsa ke nan."

Ya gaya mini daga baya abin da ke ransa. Ya zaci za ta zo ta ɗauki addu'ar, kuma ya riga ya bincika, mai riƙe kyamarar da mai ɗaukar sauti duk namu ne. Mutum biyu ke nan a hannu.

Ta rubuta, ba ta kuma manta ba. Ranar ta sa a fara nuna fim ɗin, ƙarfe uku na rana, a wani babban sinima a Manhattan. Katin gayyata ya iso wa duk wanda aka ɗauka. Feivel ya kira ta.

"Baba, ai don girmama shi na zaɓi ranar," in ji ta. "An gama raba tikiti. Bari in aiko mota ta ɗauko ka."

Ya ce mata yana da aiki.

Mutum biyar suka ce za su tafi. Jagoransu Zelig Mandel ne, tsohon mahauci.

"Haba Feivel, shekarata tamanin da ɗaya ban taɓa ganin fuskata a majigi ba. Sol ya jira gobe."

"Gobe ba ranarsa ba ce."

"Shi ina ya san rana? Da ransa ma sai an tuna masa yau Asabar."

"Ka ci kifina shekara ashirin da biyu, Zelig."

"Na ci. Kuma gishirin ya yi yawa duk shekara."

Ranar Lahadi ƙarfe huɗu saura kwata aka buɗe majami'a. Kyandir na tunawa da mamaci na ci a cikin gilashi tun daren jiya. Takwas suka zo, da Feivel a ciki, ni ne na tara. Ba ma ƙirga mutane kai tsaye, don haka Feivel ya bi mu da ido yana cewa, "Ba ɗaya ba, ba biyu ba," har ya kai "ba tara ba". Ya sake daga farko. Sai ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita titi, na bi shi.

Ya tsaya a bakin hanya yana duban fuskokin masu wucewa. Unguwar ta daɗe da komawa ta mutanen Dominika. Eusebio, mai kantin da ke maƙwabtaka da shagonsa, ya fito yana goge hannu.

"Maigida Feivel, mutum ɗaya ne ya rage? Ga ni. Tarnoff ai namu ne duka, ubana a rediyo yake bin wasansa."

"Na gode, Eusebio. Ba za ka ƙirgu ba."

"Ko na sa hula irin taku?"

"Ko ka sa biyu."

Eusebio bai koma kanti ba. Ya tsaya tare da mu yana tare mutane, yana tambayarsu ko akwai Bayahude a benensu. Ƙarfe huɗu da rabi da 'yan mintuna rana ta faɗi, a lissafinmu ranar Tarnoff ta wuce ke nan. Muka koma ciki, kowa ya yi addu'arsa shi kaɗai, ba a yi Kadish ba. Kifin na kan tebur, ba wanda ya miƙa hannu.

Wajen ƙarfe shida tasi ta sauke su Zelig, sun sha kwat da nakatayi.

"Feivel, ka fito a fim ɗin! To, hannuwanka dai suka fito, suna jan zare," in ji Zelig.

Feivel ya dube shi.

"Mutum nawa ne a wurin?"

"Sun fi ɗari shida. Har tsaye."

"Namu?"

"Kusan duka. Kai ma da taurin kai. Da ka bi motar nan, ai kafin a kashe fitila ka tara goma a bakin ƙofa ka yi abinka."

Feivel ya juya ya kalli kujerarsa ta kusa da taga. Shekara ashirin da biyu a nan yake tsayawa, kuma a mako ukun da ya yi a wannan shekarar yana buga waya yana roƙo, wannan dabarar ba ta taɓa faɗo masa ba. Ya naɗe kifin a takarda, ya kai wa Eusebio.

Na ga fim ɗin daga baya, na duba agogo. Hannuwan Feivel sun yi daƙiƙa goma sha huɗu, muryar wani na magana a kansu. Shi bai taɓa kallonsa ba. Da bazara aka rufe majami'ar, aka sayar da kujerun. Ya rasu a watan Agusta, wata uku kafin ranar ta sake zagayowa. Na tambayi waɗanda suka rage, na kuma rubuta wa dangin Tarnoff na California. A iya abin da na gano, ba wanda ya ƙara yi masa Kadish.