Baƙon Ɗanbala Ya Ce

Duk Gwaram babu wanda ya taɓa jin ra'ayin Ɗanbala fatoma a kan komai. Ka tambaye shi ko rana ta fito, sai ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "To, wasu na cewa haka." Zamanin siyasar farko, da ake fasa kawuna saboda jam'iyya, shi ko hularsa ba ta karkace ba. An ce ranar da aka tambaye shi ko yana son Batulu da aure ma, cewa ya yi a tuntuɓi manya.

Sana'arsa saukar fataken shanu. Ya ba su ɗaki, ya ba su tuwo, ya tsaya musu a kasuwa. Ƙa'idar fatoma kuwa kowa ya san ta: abin da baƙonka ya ɓata, kai ka ɓata.

Shekarar da soja suka mayar wa farar hula mulki, kuɗin mai na yawo, Allah ya jarrabi Ɗanbala da Sada, wani falke daga Damagaram. Can ƙasarsu soja ke riƙe da gari, in ji masu faɗa ko tari sai ka nemi izini. To duk maganar da Sada ya haɗiye a gida, ita ya ƙullo ya tsallako da ita iyaka. Shanunsa suka ƙare, bakinsa bai ƙare ba. Ya zauna gindin ɗurumin kasuwa yana rabon laifi: wa ya karkatar da taki, me ya sa rijiyar unguwa ta ƙafe, ɗan takarar da ya yi alkawarin gyara ta ina ya shige.

Mai unguwa ya aika aka kira Ɗanbala.

"Baƙonka ƙuri'a gare shi a nan?"

"Ranka ya daɗe, wasu na cewa ba shi da ita."

"To wanda ba a dafa da shi ba, me ya kai hannunsa tukunya? Ɗan takara na tafe daga Birnin Kudu ran kasuwa. In bakin nan ya buɗe, ka sauke baƙonka na ƙarshe."

Ɗanbala ya koma gida. Korar baƙo abin kunya ne, fatake su ji su ƙaurace masa. Ce masa ya yi shiru kuma ra'ayi ne, shi ko ba ya taɓa ra'ayi. Matarsa Batulu ce ta warware.

"Malam, ka taɓa ganin mai cin dambu yana wa'azi?"

Ranar taro tun hantsi aka fara. Dambu ba mai sosai, mai shaƙe wuya. Sada ya ce, "Maigida, batun rijiyar nan…" Ɗanbala ya tura masa akushi. "Ci tukuna, Malam Sada." Ya sake ɗago kai, aka miƙo fura. Bayan fura ɗanwake, bayan ɗanwake wani dambun. An ce tsakin da Batulu ta turara ranar ya isa walimar duk garin Basirka. Kafin azahar Sada ya miƙe a tabarma, minsharinsa na firgita awaki.

Ɗan takara ya iso, ya yi jawabi, sannan ya ce, "Jama'a, akwai mai kuka?"

Sai kawuna suka fara juyawa. Kowa na neman Sada. Ashe duk abin da yake faɗa a gindin ɗurumi 'yan gari ke raɗa masa: mahauci ya kawo nasa, tela ya kawo nasa, har surukin mai unguwa. Baƙo raɓa ne, in ta yi zafi ya kama hanya. Su kuwa a nan za a binne su. Wuri ya yi tsit. Ɗan takara ya ce alhamdu lillahi, tunda ba ƙishirwa a nan, masu haƙa rijiyar da ya zo da su su wuce garin Fagam.

Da la'asar mai unguwa da kansa ya zo ƙofar Ɗanbala.

"Ina baƙon naka ya shiga?"

"Ranka ya daɗe, ai kai ka ce…"

"Ni na ce ka kashe shi da dambu? Ɗan takarar zai dawo. A bar Sada da yunwa ranar, ya faɗi ta rijiya. In ba haka ba, maganata ta farko na nan."

Sai dai Sada ya riga ya gane cinikin. Da aka lallashe shi, ya shafa ciki ya ce, "Maigida, ni baƙo ne. Ina ruwana da siyasar ƙasarku? Gaya wa Inna Batulu a ƙara mai."

Ranar ta zo, ɗan takara ya sake tambaya, mai unguwa ya zuba wa Ɗanbala ido. Ɗanbala ya miƙe, gumi har cikin takalmi, ya yi gyaran murya.

"Ni dai ba ni da ta cewa. Amma baƙona ya ce rijiya ta ƙafe. Ya ce kuma wanda ya yi alkawari bai cika ba, kada ya zo neman ƙuri'a da ƙishirwa."

Aka haƙa rijiya. Fatoma ya ci gaba da fatomancinsa.

Daga ranar Ɗanbala ya samu baki. Taki, haraji, hanya, har tsawon huɗubar liman, duk baƙonsa ya ce. Sada ya koma Damagaram da tumbin da sai da aka ɗora shi a mota kamar buhu, ya tsufa, ya rasu. Mutuwa ba ta hana shi magana a Gwaram ba. Har Ɗanbala ya koma ga Allah, ba a taɓa kama shi da ra'ayi ba, amma hukuma ta sha aiko masa da gargaɗi ya ja wa baƙonsa kunne, shi kuma ya ce zai gwada.