Farin Zare A Hannuna, Hotonsa A Aljihuna

Edita, a zamanin da muke ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, ni ƙaramin malamin gona ne a Jimeta, saurayi mai surutu da son a ce ya waye. Ina da keke sabo, ina da agogo, kuma ba a zama a majalisa a tashi ban ba mutane dariya ba. Aikina shi ne in haye Binuwai zuwa fadamun wajen Vinikilang in nuna wa manoma yadda ake dashen shinkafa. A ofis ɗinmu akwai wani bawan Allah da ya girme ni da 'yan shekaru, wanda nake kira Hamma kamar yadda muke kiran yayye a nan. Ɗan wani dattijon Modibbo ne, wato babban malami, a unguwar Alkalawa, kuma tun da ƙafa ta fara gagarar tsohon, Hamma ne ke jan salla a masallacin ƙofar gidansu. Mutum ne marar hayaniya. Abin da ya fi komai daraja a wurinsa a duniya shi ne yardar mahaifin nan nasa, kuma ita na raba shi da ita. Yau na tsufa, na gaji da ɗaukar maganar ni kaɗai.

An zaɓe mu mu biyu zuwa kwas na noman shinkafa a ƙasar Tailan. Modibbo bai so tafiyar ba, don ya ji an ce mutanen can gumaka suke bauta wa. Sai da Hamma ya yi ta lallashi kafin ya amince, kuma ranar da muka je sallama tsohon ya kama hannuna ya ce amanar juna ya ba mu, kowa ya tsare wa ɗan'uwansa addininsa. Na ce to, na ma ƙara da alkawuran da ba a tambaye ni ba.

Da aka gama kwas sai masu masaukinmu suka shirya mana yawon mako guda, a nuna mana ƙasarsu. Aka zuba mu a bas da 'yan wasu ƙasashe, aka ba mu jagora, wani tsohon malamin makaranta mai fara'a da ba ya rabuwa da lema. Kai, mun ga abin mamaki! Mun ga kufan wani tsohon birni na jan bulo, ginshiƙai tsaye babu rufi, gumaka jere an sare musu kai, saiwar itatuwa ta naɗe bango. Mun ga kasuwa a kan ruwa, mata na sayar da abinci daga cikin kwale-kwale. Amma yawancin ranakun a ɗakunan ibadarsu muka ƙare, masu rufi mai ƙyalli, da malamansu masu aske kai sanye da mayafi ruwan goro. In faɗi gaskiya, mutanen nan ba su taɓa tilasta mana komai ba. Dokarsu dai ita ce ka cire takalmi, kada ka tsaya a kan malami in yana zaune, kuma in ka zauna kada ka miƙe ƙafa wajen gunki, sai dai ka lanƙwashe ta baya. Hamma ba ya shiga. Duk inda muka je yakan zauna a bakin ƙofa wajen takalma da carbinsa, har jagoran ya riƙa tsokanarsa da mai gadin takalmi, shi kuma ya yi murmushi. Ni kuwa da sabuwar kyamarata babu lungun da ban leƙa ba.

A rana ta biyar aka kai mu wani ɗakin ibada kusa da kufan nan. A ciki wani tsohon malaminsu na zaune a kan dakali, yana yayyafa wa baƙi ruwa yana ɗaura musu farin zare a wuyan hannu, wai don neman tsari. Abokan tafiya suka yi layi a durƙushe. Ni ma, don kada a ce baƙauye ne, na bi layi. Zuciyata na ce mini in tashi, amma kunya da son burgewa suka danne ni. Na sunkuyar da kai aka yayyafa mini ruwa, na miƙa hannun hagu aka ɗaura zare, aka ba ni turaren tsinke na soke a gaban gunki kamar yadda na ga ana yi. Ina juyowa sai ga Hamma a tsaye cikin ɗakin. Ashe ya hango ni daga ƙofa, shi ne ya shigo ya fitar da ni. Jagora ya yi masa alama da sauri cewa ya zauna, don yana tsaye a kan malamin. Hamma ba mai son wulaƙanta mutane a gidansu ba ne, sai ya zauna, ya lanƙwashe ƙafa baya, ya sadda kai yana jiran in taso. Duk wanda ya taɓa salla ya san wannan zaman, zaman tahiya ne sak. Kuma a gabansa akwai wani ƙaton gunki mai ruwan zinariya.

Wallahi har yau ina jin ƙarar maɓallin kyamarar nan a kunnena. Ba kuskure ba ne, kuma ba wasa ba ne. A cikin ƙiftawar ido na yi lissafi cewa mutumin nan ya ga abin da na yi, in ya kai labari gida na shiga uku, don haka gara ni ma in riƙe wani abu a kansa. Na matsa gefe na ɗauke shi. Bai ma sani ba.

Da muka koma bas bai yi mini faɗa ba. Ya ciro 'yar wuƙar yankan farce ya yanke zaren, ya jefar da shi ta taga, ya ce in yi istigfari, Allah Mai gafara ne, kuma kunya ce ta ja ni ba wani abu ba. Na riƙe hannunsa na roƙe shi kada ya gaya wa kowa a gida. Ya ce ya yi mini alkawari. Ban yarda ba sai da na sa ya rantse, ya kuwa rantse. Kun ga ke nan hoton ba shi da sauran amfani. Da ina da hankali da a nan na zare fim ɗin na bar rana ta ƙone shi, amma ban yi ba.

Muka dawo gida lafiya, na kai fim wajen mai wankin hoto a bakin kasuwar Jimeta. Sauran hotuna na raba wa dangi, wannan kuwa na sa shi a aljihun gaba, kullum yana tare da ni. Wata ranar Asabar da hantsi muna zaune a majalisarmu a ƙofar shagon wani tela, ina ta zuba labarin Tailan, sai wani ya ce ai sun tambayi Hamma yadda cikin ɗakin gumaka yake, ya ce su tambaye ni, ni ne na shiga ko'ina. Yanzu na san babu komai a maganar, iyakar gaskiya ya faɗa, shi bai tsaya kallon ciki ba balle ya ba da labari. Amma a lokacin sai na ji kamar ya fara kwance mini zane a kasuwa. Kafin in yi tunani hannuna ya shiga aljihu. Na ce to, ga wanda ya ce bai shiga ba. Na ma ƙara da cewa a can yamma yake fuskanta in zai yi salla. Wannan ma gaskiya ce, don daga can alƙibla yamma take, ni ma haka na yi ta yi, amma ban bayyana musu ba.

Babu wanda ya yi dariya. Hoton ya bi hannu-hannu, ana salati, ana kallon juna. Na miƙa hannu a ba ni abina, wani dattijo ya ce a'a, wannan ya wuce maganar majalisa, tunda mutumin nan shi ke jan su salla. Ya sa a aljihu ya tafi. Kafin Juma'a magana ta gama Jimeta, ta kai cikin Yola. Masu bin Hamma salla suka fara raguwa, wasu suka riƙa tambaya ko sai sun rama sallolin da suka yi a bayansa. A ofis na riƙa zillewa, in na hango kekensa sai in bi ta baya. Abinci ya daina shiga mini. Sau biyu yana zuwa gidanmu ina sa a ce ba na nan. A na uku ya tare ni a bakin kogi ina jiran jirgin fito. Bai ɗaga murya ba. Ya ce bai tambaye ni dalilin ɗaukar hoton ba, abu ɗaya yake roƙo, in je in gaya wa Modibbo cewa shigowa ya yi don ya kira ni, ba sai na faɗi abin da nake yi a ciki ba. Na ce zan je. Ban je ba, don na san tsohon zai tambayi me ya sa sai an shigo an kira ni.

Sai Modibbo ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure bayan la'asar, a kan buzunsa, da dattawan unguwa uku, Hamma na zaune a gefe kusa da ƙofa. Hoton yana ajiye a ƙasa a tsakiya, an kife shi. Na gaishe su. Tsohon ya ce maganar yamma ba ta dame shi ba, ya san wanda ya wuce Makka ta gabas dole ya juyo yamma, jahilai ne ke surutu a kai. Abin da yake so ya ji shi ne wannan zama. Ya ce ɗansa ya gaya masa shiga ya yi don ya kira ni, amma da aka tambaye shi abin da ya sa, ya ce ba zai iya faɗa ba, kuma wannan shirun ne ya hana shi Modibbon barci. Ya tuna mini amanar da ya ba mu. Ya ce ni kaɗai ne shaida, in faɗa masa tsakanina da Allah abin da ya kai ɗansa gaban gunki.

Kalma goma ta isa ta wanke shi. Na buɗe baki, sai na tuna da mahaifiyata, da majalisa, da yadda za a riƙa nuna ni a kasuwa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, ni dai na juyo na gan shi a haka na ɗauka, abin da ke zuciyar mutum kuwa Allah kaɗai Ya sani. Hamma ya ɗago kai. Bai kalli fuskata ba, wuyan hannuna na hagu ya kalla, sau ɗaya, ya mayar da kansa ƙasa. Na jira ya fasa ƙwai. Wallahi har na so ya faɗa, in huta. Bai ce uffan ba.

A nan take Modibbo ya ce daga ranar kada Hamma ya sake shiga gaban sahu, kuma ya nemi wurin zama ba gidansa ba har sai ya zo da bayanin da zai gamsar. Ya faɗi haka hawaye na bin gemunsa. Ba a yi wata biyu ba Hamma ya nemi canjin wurin aiki, aka tura shi can wajen Borno, ya kwashe iyalinsa. Ni aka ba kujerarsa a ofis. Kullum ina cewa gobe zan je in faɗa wa tsohon gaskiya, goben ba ta zo ba. Damina biyu bayan haka Modibbo ya rasu. Hamma ya iso an riga an kai shi, kuma da ya shiga sahun masu karɓar gaisuwa na ga mutane na ba shi hannu da bakin yatsu.

Sai bayan shekaru masu yawa, mun yi furfura, na nemi inda yake na je. Na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran buta. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da lissafin da na yi kafin in danna kyamara. Ya ce ya sani tun ranar da ya ga hoton. Na tambaye shi me ya hana shi tona mini asiri a zaure, alhali kalma ɗaya ta isa. Ya ce ai ni na sa shi ya rantse, kuma da wane ido zai kalli mahaifinsa yana wanke kansa daga saɓon Allah ta hanyar karya rantsuwa da sunan Allah. Ya ce ya yafe mini tuntuni. Amma ya ce wanda ya kamata ya ji wannan bayanin ba shi ba ne, kuma ba shi da hanyar isar masa da shi. Ya shiga gida ya sa aka kawo mini abinci. Ban iya ci ba. Shi ma yanzu ya riga mu gidan gaskiya.

Abin da na koya shi ne, ba sai ka yi ƙarya kake zama maƙaryaci ba. Duk abin da na faɗa a kan Hamma ya faru, hoton ma ba haɗi ba ne, amma da su na rusa shi. Ina jan kunnen matasa, musamman yanzu da kowa ke yawo da abin ɗaukar hoto: kada ku yanke wa mutum hukunci da abin da aka nuna muku, ku tambayi abin da mai ɗaukar yake yi a wurin. In kun yi abin kunya ku tuba, ku ɗauki kunyarku da kanku, kada ku nemi wanda za ku rataya wa. In kuma akwai wanda ke jiran shaidarku, ku je yau, tsofaffi ba sa jira. Ban ambaci suna ba, amma a Alkalawa akwai sauran dattawan da za su gane mu. Ina roƙonsu su gaya wa 'ya'yan Hamma da jikokinsa cewa mahaifinsu bai taɓa sunkuya wa gunki ba. Shiga ya yi ya fito da ni, kuma hannuna ne aka ɗaura wa zaren.