Riƙon Guga

Jiya na karɓi bokitin ruwa daga hannun jikana, sai Baffa, ƙanen mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Zamanin Turawa muna ban ruwan albasa a fadamar Wurno. In na jawo guga cike, sai ya ce, "Tsaya hakanan, kak ka zuba."

Damatsana na zafi, ruwan sanyi na ɗiga a ƙafata.

"Baffa, wagga tsayuwa mi za ta ƙara min?"

"Ɗauka kowa na iyawa, ɗana. Riƙo shi ka gina damtse."

Ranar da muka ɗauko makararsa, gulbin Rima ya cika hanya. Muka ɗaga shi sama, muka tsaya cikin ruwa muna jiran kwalekwale. Hannuna bai yi rawa ba.

Allah Ya riƙe shi da rahamarSa, kada Ya sake shi.