Don Aladino da Bangon da Ba Ya Son Ƙusa

A da, duk safiyar da sanyi ya kwanta a garinmu Coyhaique, kafin hayaƙin murhuna ya rufe duwatsu, za ka ga Don Aladino Cárcamo yana ɗingishi a unguwarmu, yana leƙen bangon mutane kamar mai neman gidan haya. Farar ƙanƙarar da ta kwana a jikin bango yake dubawa. In ta kwanta bai ɗaya, sai ya wuce. In ya ga inda ta narke, ya san ɗumin ɗaki na tsiyaya ta nan, sai ya ƙwanƙwasa ƙofa: "Maƙwabciya, wa ya buga ƙusa?"

Amsar kullum ɗaya ce: ba kowa. A unguwar nan ƙusoshi da ƙafarsu suke shiga bango.

Shi ne maginin da ya lulluɓe gidajenmu da siraran allunan nan da aka zuƙe wa iska, aka rufe da fata mai ƙyalli. Na koyar da kimiyya har na yi furfura, don haka ba sai an karanta mini ba: dabarar fulas ɗin shayi ce, inda babu iska zafi kan sha wuyar gudu. Ba allon na yi shakka ba, mutanenmu na yi shakka. Abin da ba a yanka shi, ba a huda shi, huda ɗaya ya tashi daga aiki, shi za ka kawo wa mutanen da ba sa ganin bango sai hannunsu ya yi ƙaiƙayin guduma? Na ce masa, "Don Aladino, ƙwai ka kawo wa 'yan dambe." Ya ce, "To, Malama, sai mu yi gadin ƙwan." Na ɗauka zance ne. Ba wanda ya sa shi, amma gadin nan ya yi ta yi har gwiwoyinsa suka gaza.

Yayata Clorinda huhunta ya lalace. Likita ya ce ko ta rabu da hayaƙin itace, ko ta koma arewa wurin ɗanta. Ita kuwa ba ta da burin da ya wuce ta ƙarasa kwananta a gidan da ta yi goyo. Dattawan unguwa suka ce ɗakin da murhu ba ya ci kabari ne, haka kakanni suka ce. Kakannin nan da tari suka tafi, amma wannan ba a faɗa. Don Aladino ya lulluɓe gidan, ɗan abin ɗumama ɗaki na lantarki ya wadatar, tarin ya lafa.

Sai ga Satumba, watan bikin 'yanci, lokacin da kowane gida ke kafa tuta. Ina kicin ɗin Clorinda muna shan mate, shayin ganyen da muke zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya, na hango mijinta Nibaldo ya fito da guduma da ƙarfen maƙala sandar tuta. Kafin na ajiye ƙoƙon, Don Aladino ya iso da dogon gungume a kafaɗa, ya tsaya tsakaninsa da bango.

"Don Nibaldo, ajiye gudumar nan."

"Gidana ne ko naka? Tun ba a yaye ka ba nake kafa tuta a wurin nan!"

"Gidanka ne. Numfashin kuma na Doña Clorinda ne."

"Ƙusa biyu kacal, kai ɗan ɗingishi! Ƙasar taka ba ta kai ƙusa biyu ba?"

Na leƙo ta taga na ce, "Nibaldo, ƙasa ta rayu ba da ƙusarka ba. Ka huda bangon nan, kai za ka raka ta tasha, ka dawo ka riƙa dafa wa kanka wake."

"Wa ya kasa da ke, Malama? Nan ba aji ba ne."

Don Aladino ya sauke gungumen daga kafaɗa. Ya haƙa rami a tsakar gida, ya kafa gungumen, ya ja tuta har ta wuce rufi. Nibaldo ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ta fi ta gidan maƙwabcina Oyarzún tsawo?"

"Nesa ba kusa ba."

Sai a nan ya ajiye guduma. Ku duba fa! Huhun matarsa bai hana shi ba, gasa da maƙwabci ce ta hana shi. Kafin bikin ya zagayo kowa na son gungume, Don Aladino ya bi gida-gida yana haƙa, kuma yau Nibaldo na gaya wa mutane dabararsa ce.

Kai ne, Don Aladino, ka fahimci cewa ɗaura allo rabin aiki ne, sauran rabin shi ne jure wa masu bangon. Mai gadin abin da ido ba ya gani. Kai ma kana ba ni haushi: a zage ka, ka yi shiru, a yaba maka, ka kama zancen ruwan sama. Yanzu gwiwa ta zaunar da kai, kuma ban ga wanda ya karɓi zagayen safiya ba. Matasan magina, abin da kuka ɗaura ku riƙa komawa kuna dubawa. Sauran ku kuma, don Allah ku ɓoye gudumar.

A wajenmu, wanda ya ce "na gode" a zagayen mate ya ƙoshi ke nan, ba za a sake miƙa masa ba. Ni ban ƙoshi da aikinka ba, Don Aladino, amma na gode. Clorinda na nan a ɗakinta. Jiya ma da numfashinta ta bi Nibaldo da faɗa har bakin ƙofa, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba.