Ƙararrawar da Na Kai Walda

Raino aka ɗauko ni yi. Malam, maigidan da ya ɗauko ni, yana karatun zama dakta a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya, matarsa ma tana karatu, ga jaririya. Ban bar kowa a gida ba. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyenmu da rana tsaka, suka kashe mijina da 'ya'yana biyu. Iyakar abin da zan ce a kai ke nan.

A bayana yarinyar ta girma, a wani dogon bene a unguwar Setapak. Kowa ya yi mata magana da Turanci take amsawa, ni kaɗai take yi wa Hausa. Idan ta ƙi cin abinci sai uwarta ta ce, "Je ki wurin Iyarki." A hannuna take cin tuwo, tana ce min, "Iya, ƙara miya lah," da 'yar "lah" ɗin da 'yan ƙasar ke liƙa wa magana.

Wata shekara Malam ya je taro Amurka. Ya dawo da wata 'yar ƙararrawa ta tagulla, ba ta wuce kofin shayi ba, ya ɗora a kan kabad. Ina goge ƙura na ga ta tsage daga baki zuwa ciki. Na ce sun cuce shi, sun ga baƙo sun sayar masa da fasasshen kaya. Ban gaya wa kowa ba. Na naɗe ta a bakin zani, na kai wa wani ɗan Sin mai walda a bayan shagunan babura. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Na nuna masa tsagar. Ya gyaɗa kai alamar zai iya, ya ce, "Boleh, boleh." Ya liƙe ta tsaf.

Da Malam ya gani sai ya dafe kai.

"Iya! Me kika yi? Ai tsagar ita ce abin!"

Matarsa tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Iya ta gyara wa Amurkawa tarihinsu."

Ya zaunar da ni ya yi min bayani. Wai akwai uwar ƙararrawar a can Amurka, babba, ta fi mutum nauyi nesa ba kusa ba. Ta tsage, aka yi ƙoƙarin gyara, ta ƙara tsagewa, aka daina kaɗa ta. Masu yaƙi da bautar da bayi suka ɗauke ta alamar 'yanci. A jikinta an rubuta a shelanta 'yanci ga duk mazauna ƙasar. Yanzu layi ake yi don a gan ta.

Na ce, "Ƙarfen da ba ya ƙara?"

Ya ce, "Shi."

A ƙauyenmu ma akwai ƙarfe, tsohon wilin mota da aka rataye a dalbejiya. Ranar da aka shigo mana an buga shi har ya dare. Ba wanda ya je kallonsa. Ban faɗa wa Malam wannan ba.

Da ya gama karatu ya samu aiki a Amurka. Suka nema min takardar shiga, ba a ba ni ba. Suka sake nema, haka. Matarsa ta yi kuka, ni ban yi ba. Na yi wa yarinyar kitso ƙanana, irin wanda zai daɗe. A filin jirgi ta cusa min ƙararrawar a jaka. Ta ce, "Iya, ki riƙe, ke kika gyara. Zan dawo in karɓa."

Ban koma gida ba, babu wurin wa. Wani gida a unguwar Taman Melati suka ɗauke ni, ina dafa wa ɗalibai abinci.

Da farko kowace Juma'a suke kira. Daga baya sai da salla. Bara suka kira ni daga gaban babbar ƙararrawar, uwar yarinyar ta juya wayar don in gani. Na ga tsagar, na ga Turawa a tsaye shiru. Sai ga fuskar yarinyar, ta yi tsawo, an sauya mata kitso. Na ce, "'Yar Iya, kin ci abinci?"

Ta yi murmushi, ta kalli uwarta. Uwar ta juya mata maganata da Turanci. Ta amsa, uwar ta juyo min.

Na ɗauko ƙaramar na kaɗa mata a bakin waya. Ta yi dariya, ta faɗi wani abu. Ban nemi a fassara min ba.

Ƙararrawar tana nan a tagar kicin. Ina goge ta.